Wiliyam Fowler, mai awon wutar taurari

Da dare, lokacin ɗari, in ƙura ta kwanta, sama ta kan cika da taurari. Yara su kan nuna Kaza da ƴaƴanta da yatsa. Kowane tauraro cikin waɗannan rana ce irin tamu, nisa ne ya sa ya ƙanƙance. Suna ci da wuta tun shekaru aru-aru, ba itace, ba gawayi, ba kananzir. To, me wutar ke ci? Kuma da wane sauri ta ke cinsa? Tambaya ta biyu ta fi wuya. Ita ce wani Ba'amurke mai suna Wiliyam Fowler ya ƙare shekara kusan sittin yana neman amsarta. Cikin ɗaki ya yi aikinsa, kusa da injuna, yana ƙidaya.

Yaron bakin tasha

An haife shi ran 9 ga watan Agusta na shekara ta 1911, a birnin Pitsbag. Kakansa na wajen uba mahaƙin gawayin ƙasa ne, daga Sikotlan ya ƙaura zuwa Amurka neman abinci. Mahaifinsa kuwa aikin lissafin kuɗi ya ke yi. Yaron yana da shekara biyu suka koma wani gari da a ke kira Lima, cikin jihar Ohayo. Garin nan na jirgin ƙasa ne. A nan a ke ƙera kan jirgi, irin mai tafiya da gawayi da tururin ruwa. Wiliyam ya kan je bakin tasha ya tsaya, yana kallon tururi na fita, manyan ƙafafun ƙarfe na juyawa. Wannan so bai rabu da shi ba har tsufansa.

A 1929 ya shiga jami'ar jihar Ohayo, a birnin Kolombus. Shekarar nan ce kasuwanni suka karye a Amurka, mutane masu yawan gaske suka rasa aiki. Ba shi da kuɗi. Ya wanke kwanoni, ya kai ma mutane abinci bisa tebur, ya zuba gawayi a murhun ɗumama gida, duk domin ya samu na sawa a baki. Ran Asabar ya kan sayar da nama da cuku a wata rumfar kasuwa, awa 18 yana aiki, a biya shi dola 5, kuɗin Amurka. Da farko ilimin gasa yumɓu ya shiga koyo, na bulo da tangaran. Daga baya fizik ya fi kwanta masa a rai, ya koma can. Ya gama a 1933.

Gidan Kellogg

Daga nan ya tafi Pasadena, cikin jihar Kalifoniya, babbar makarantar kimiyya da a ke kira Kaltek. A can akwai wani sabon gidan bincike. Wani attajiri mai suna Kellogg ne ya ba da kuɗin gina shi, mutumin da ya yi arziki da sayar da abincin karin kumallo na masara. Nufinsa a yi ma masu ciwon daji magani da haske mai ratsa jiki, irin wanda lokotoro ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Shugaban gidan, Charles Lauritsen, mutumin Danmark ne, gwanin hannu, kayan awonsa da kansa ya ke ƙera su. Ana jinya a gefe guda, a gefe guda kuma shi da ɗalibansa suka juya wani injin hasken, suka mai da shi abin harbin ƙwayar zarra. Hannun mutumin nan Fowler ya faɗa, kuma a gidan nan ya yi aiki har ƙarshen ransa.

Sai an san ƙwayar zarra kafin a gane aikinsu. In aka ɗauki gutsuren ƙarfe aka yi ta raba shi, aka yi ta raba shi, za a kai ga ɗan abin da in an sake raba shi ya daina zama ƙarfe. Shi ne ƙwayar zarra. A tsakiyarta akwai cibiya, inda kusan dukan nauyinta ya ke. Cibiyar ƙarama ce ƙwarai: da za ta kai girman ƙwayar hatsi, da ƙwayar zarrar ta kai faɗin filin ƙwallo. Cikin cibiya akwai ƴan ƙwayoyi iri biyu, furoton da nutiron. Yawan furoton shi ke bambanta sinadarai. Idirojan yana da 1, eliyom 2, karbon na gawayi 6, azot na takin zamani 7, oksijan da a ke shaƙa 8, ƙarfe 26, zinariya 79, uraniyom 92. Saboda haka in aka ƙara ma cibiya furoton, wani sinadari ya koma wani.

Ƙarawar ba ta da sauƙi. Furoton duka lantarki iri guda gare su, suna tunkuɗe juna. Wanda ke son shiga cibiya kamar amalanke ne a gindin tudun rairayi: in bai zo da gudu ba, baya zai komo. Aikin injin shi ne ba da gudun nan. Pil na rediyo bolt ɗaya da rabi gare shi, injunan Kellogg kuwa suna kai bolt miliyon guda. Su kan harbo furoton ta cikin bututun da aka zuƙe ma iska, su faɗa bisa wani falle na karbon ko na wani sinadari. Mafi yawansu a banza su ke ƙarewa. Jefi jefi ɗaya ya shiga cibiya, sai ta tofar da wata ƙwaya ko ɗan haske.

Yaya a ke ganin abin da ido ba ya gani? Da sawunsa. Fowler ya yi aiki da akwatin hazo, wato akwatin gilashi cike da iska mai laima. In ƙwaya ta ratsa shi, sai ta bar farin zare, kamar sawun ƙadangare bisa rairayi. A ɗauki hoto. An sa mayen ƙarfe kewaye da akwatin domin ya lanƙwasa zaren. Zaren ƙwaya mai ƙarfi ba ya lanƙwasa sosai, na marar ƙarfi kuwa har ya nannaɗe. Da irin hotunan nan ya samu digirinsa na dokta a 1936. Ya yi aure a 1940, ya samu ɗiya mata biyu.

Labari daga taurari

A 1939 wani masani Bajamushe da ke zaune a Amurka, Hans Bethe, ya bayyana abin da wutar taurari ke ci. Idirojan ta ke ci. Cibiyoyi huɗu na idirojan su kan haɗu su zama guda ta eliyom, ɗan nauyin da ya ɓace wurin haɗuwar shi ke zama zafi da haske. Rana kaɗai tana cin idirojan tan miliyon 600 kowace daƙiƙa. Bethe ya nuna ɗaya daga cikin hanyoyin ta wurin karbon da azot ta ke bi. Karbon ya karɓi furoton ya zama azot, a yi ta tafiya hawa hawa, a ƙarshe eliyom ya fito, karbon ya komo yadda ya ke. Dillali ke nan: da shi a ke ciniki, amma ba shi a ke sayarwa ba.

Mutanen Kellogg suka karanta, suka ga ashe harbin karbon da azot da su ke yi cikin ɗakinsu shi ne abin da ke faruwa cikin taurari. Sai yaƙin duniya na biyu ya katse su. Gidan duka ya koma ƙera makamai. Fowler ya yi aikin na'urar da ke fasa harsashi in ya kusanci jirgin sama, sa'an nan aikin roka domin sojan ruwa. A 1944 ya je tsibiran tekun Pasifik ya ga yadda a ke aiki da su. Gwamnati ta ba shi lambar girma a 1948. Rokokin nan sun kashe mutane. Wannan ma yana cikin tarihinsa.

Dabarar mai rijiya

Bayan yaƙi, Lauritsen da ɗansa Thomas da Fowler suka yanke shawara: za su auna saurin haɗuwar cibiyoyin da ke ba taurari wuta. A nan wuyar ta ke. Tsakiyar Rana zafinta digiri miliyon 15 ne. Mutum sai ya zaci ƙwayoyin can sun fi na injin gudu. A'a. Gudunsu bai wuce abin da ƴan dubban bolt ke bayarwa ba, ƙasa ƙwarai da tudun da za su hau. Ƙalilan ne ke ratsawa. Furoton guda ya kan yi shekaru miliyar da yawa cikin Rana kafin ya samu abokin haɗuwa. Jinkirin nan shi ya sa Rana ta daɗe, shekara miliyar huɗu da rabi tana ci ba ta ƙare ba. Yawan ƙwayoyinta ne ya rufa mata asiri.

Cikin ɗaki ba a da wannan yawa. In aka rage gudun harbi zuwa na tauraro, sai a shekara ana jira na'ura ba ta motsa ba. Dabarar da suka yi ita ce ta mai rijiya. Ya auna igiya a watan Nuwamba, ya auna a Janairu, ya auna a Maris, daga nan ya iya faɗin gaba nawa ruwa zai sauka a Mayu, tun Mayu bai zo ba. Haka su ma: su auna, su rage bolt, su sake aunawa, su sake ragewa, har inda ƙidaya ta ƙi. Sauran hanyar a cika ta da lissafi. A 1950 Fowler da ɗalibinsa Robert Hall suka ba da awon harbin karbon da ya sauka har wajen bolt dubu 100.

Na'urar ƙidaya bututu ne mai iska, ko dunƙulen gishiri mai walƙiya. Duk ƙwayar da ta shiga, lamba ta ƙaru da ɗaya. Abin haushi, ba ƙwayoyin gwaji kaɗai ke shiga ba. Akwai waɗanda ke zubowa daga sararin sama dare da rana, akwai na bangon ɗakin kansa. Sai a kewaye na'urar da tubalan dalma. A ƙidaya injin yana aiki, a kashe shi a sake ƙidaya, a ɗebe wannan daga wancan. Wani lokaci man famfon zuƙe iska ya ɓata fallen, aikin kwanaki ya tashi a banza. Awon nan ya taimaka aka gane hanyar karbon ta manyan taurari ce. Rana tamu, wajen kashi ɗaya cikin ɗari na wutarta ne kawai ke bi ta nan.

Tsani mai karyayyun matakai

Akwai wata tambaya da ta fi wannan girma. Daga ina sinadarai suka fito? A 1948 George Gamow da ɗalibinsa Ralph Alpher suka ce duka an dafa su ne cikin zafin farkon sararin samaniya, ana ƙara ƙwaya ɗaya ɗaya kamar hawan tsani: nauyi 1, 2, 3, 4, har sama. Awon Kellogg da na wasu wurare ya nuna tsanin ya karye wuri biyu. Ba cibiya mai nauyi 5 da ke tsayawa, ba mai nauyi 8. In eliyom biyu suka haɗu, kowane mai nauyi 4, abin da suka haifa ya kan rabe nan take, cikin lokacin da ƙiftawar ido ta fi shi tsawo sau miliyon miliyar. To, yaya aka haye zuwa karbon mai nauyi 12? Edwin Salpeter, wanda ya yi ƴan watanni a Kellogg a 1951, ya nuna cikin tsohon tauraro, in zafi ya kai digiri miliyon 100, wani lokaci eliyom na uku ya kan riski biyun kafin su rabu. Huɗu sau 3, 12 ke nan.

Farkon 1953 wani ɗan Ingila, Fred Hoyle, masanin taurari daga Kambirij, ya shigo ofishin Fowler da wata magana. Ya yi lissafi, ya ga hanyar Salpeter ba ta isa ta ba da karbon da ke akwai ba, sai fa in cibiyar karbon tana da wata murya da ba a sani ba. Ga abin nufi. In aka ɗaure tsirkiya biyu daidai da juna, aka kaɗa ɗaya, ɗayar ta kan amsa ba wanda ya taɓa ta. Cibiya ma haka ta ke. In ƙwaya ta zo da ƙarfin da ya dace da ɗaya daga muryoyinta, sai ta karɓe ta da sauri ninkin ba ninkin. Hoyle har ya faɗi wurin: 7,68 a ma'aunin bolt miliyon.

Fowler bai gaskata ba da farko. Baƙo ne, ba ma'abucin injin ba, ya zo yana gaya ma masu gida abin da ke cikin ɗakinsu. Amma bai kore shi ba, ya tara abokan aikinsa su saurara. Wani matashin malami, Ward Whaling, ya yarda ya gwada. Shi da ƙungiyarsa suka harbi azot da idirojan mai nauyi, suka bi da eliyom ɗin da ke fitowa ta cikin babban mayen ƙarfe, suna ƙidaya mataki mataki. Muryar tana nan, daidai inda Hoyle ya ce. Awon yau ya sa ta a 7,65. Karbon da ke cikin hatsi, da itace, da jikin mutum, ta wannan ƴar ƙofa ya fito. Daga shekarar nan Fowler ya zama mutumin taurari gaba ɗaya.

Maƙera a sama

A 1954 ya tafi Kambirij ya yi shekara guda. Can ya haɗu da mata da miji, Margaret da Geoffrey Burbidge. Margaret gwanar duban hasken taurari ce, ta kan raba hasken kamar bakan gizo ta karanta sinadaran da ke cikin tauraro. Da suka bi Fowler zuwa Kalifoniya, a lokacin ba a barin mata su yi aiki da madubin hangen nesa na dutsen Wilson. Sai aka rubuta sunan mijinta, ita ta bi shi a matsayin mataimakiya, alhali ita ce mai aikin. Su uku da Hoyle suka rubuta wata takarda mai shafi fiye da 100. Ta fito a Oktoba 1957, watan da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik. Wani masani a Kanada, Alastair Cameron, ya kai ga irin wannan sakamako shi kaɗai cikin shekarar.

Ga abin da takardar ta nuna, da lambobin da aka gyara daga baya. A ɗauki tauraro mai nauyin Rana sau 25. Ya ci idirojan shekara miliyon 7, tokarsa eliyom. Ya matse, ya ƙara zafi, ya ci eliyom shekara fiye da dubu 500, tokarsa karbon da oksijan. Karbon ya kai shi shekara 600. Oksijan wata shida. Silisiyom, sinadarin da ke cikin rairayi, kwana guda. Cikin tauraron ya zama kamar albasa, ɓawo bisa ɓawo, ƙarfe a tsakiya. Ƙarfe kuwa toka ce da ba ta ci. Wuta ta mutu, tsakiyar ta rufta kafin daƙiƙa guda ta cika, sauran tauraron ya fashe. Haskensa ya kan kai na rana miliyar. Sunan wannan fashewa sufanoba.

Sinadaran da suka fi ƙarfe nauyi ta wata hanya su ke samuwa. Nutiron ba shi da lantarki, ba tudun da zai hau. Cikin tsofaffin taurari cibiya ta kan haɗiyi nutiron ɗaya, ta huta shekaru, ta haɗiyi wani. Cikin fashewa kuwa ta kan haɗiyi da yawa cikin daƙiƙa guda. Ta hanya mai saurin nan uraniyom ya samu, da mafi yawan zinariya. Tun 2017 an ga shaidar cewa karon gawar taurari biyu ma yana cikin wuraren wannan ƙira. Uraniyom ɗin da aka fara haƙowa a Arlit a 1971 ya girmi Rana da ƙasa. Can aka ƙera shi, ya watsu cikin ƙura, daga ƙurar duniyar nan ta dunƙule.

Fowler da Hoyle suka mai da shi agogo. Iri biyu ne: mai nauyi 235, wanda rabinsa ke ruɓewa cikin shekara miliyon 700, da mai nauyi 238, wanda rabinsa ke ruɓewa cikin miliyar huɗu da rabi. Cikin dutsen Arlit, kamar kusan ko'ina, na farkon 7 ne kacal cikin 1000. In an lissafa yadda suka fara, sai a ƙidaya baya. Lissafinsu na 1960 ya nuna taurari sun fi shekara miliyar 10 suna wannan aiki.

Ba duka suka dace ba. An lura hasken wata sufanoba yana raguwa rabi duk bayan dare 55. A 1952 kuma Amurka ta gwada bam na idirojan a tsibirin Enewetak, cikin tokarsa aka samu wani irin kaliforniyom da awon lokacin ya nuna rabinsa yana ruɓewa cikin kwana wajen 55. Lambobi biyu suka yi daidai, Fowler da abokansa suka ɗauka shi ne ke ba da hasken. Kama da wane ba wane ba ne. Daga baya aka gane nikel mai nauyi 56 ne a ke ƙerawa cikin fashewa. Rabinsa ya koma kobal cikin kwana 6, rabin kobal ya koma ƙarfe cikin kwana 77. A 1969 wani tsohon ɗalibin Fowler, Donald Clayton, da abokansa biyu suka nuna in haka ne, za a iya kama hasken kobal ɗin da na'ura.

Ran 23 ga Fabrairu 1987 hasken fashewar wani tauraro ya iso daga sararin kudu, bayan tafiyar shekara wajen dubu 168. Da ido aka gan shi. Na'urorin da ke ƙarƙashin ƙasa a Japan, da Tarayyar Sobiyet, da wata mahaƙar gishiri a Ohayo, jihar ƙuruciyar Fowler, suka kama ƙwayoyi ashirin da ƴan kai, irin da a ke kira nutirino, waɗanda suka fito daga ruftawar tsakiyarsa. Bayan watanni hasken ya yi ta raguwa bisa lissafin kwana 77, wani tauraron ɗan Adam kuma ya kama hasken kobal ɗin kansa. Fowler yana raye ya ga wannan.

Jerin lambobi

Aikin da ya fi cin lokacinsa ba shi da armashin labari. Masu lissafin taurari da kwamfuta suna bukatar lamba domin kowace haɗuwa, a kowane zafi. Fowler da wasu mata biyu, Georgeanne Caughlan da Barbara Zimmerman, suka tattara awon da aka yi ko'ina cikin duniya, suka tace, suka jera. Jerin farko ya fito a 1967, wani a 1975, na ƙarshe a 1988. Shekaru da yawa, duk mai son ya san yadda tauraro zai rayu ko ya fashe, daga nan ya ke ɗiba. Inda awo ya gagara, musamman cibiyoyin cikin fashewa da ba su daɗewa, sai a yi lissafi, a gwada shi da cibiyoyin da a ke iya aunawa.

Abokansa Wili su ke ce masa. Mutum ne mai raha, mai son taro. Da ya cika shekara 60 suka ba shi ɗan ƙaramin kan jirgi mai aiki da tururi na gaske. A 1973 ya ratsa Siberiya cikin jirgin ƙasa, domin a wani yanki na hanyar injin tururi ke ja.

A 1983 aka ba shi kyautar Nobel ta fizik, rabi shi, rabi Subrahmanyan Chandrasekhar, ɗan asalin Indiya. Ba a sa Hoyle ba. Masana da yawa sun ga ba a yi daidai ba, tun da shi ya fara kawo maganar ƙirar sinadarai cikin taurari a 1946. Fowler kansa, cikin abin da ya rubuta lokacin karɓar kyautar, ya nuna a fili Hoyle ne ya kafa tushen. Ya rasu a Pasadena ran 14 ga Maris 1995, da ciwon ƙoda, yana da shekara 83.

Awo bai tsaya ba. Tun yana raye, a 1991, masana a Luben-la-Neb ta ƙasar Beljik suka juya dabarar. Cibiyar da ba ta daɗewa ba ta yin falle, sai suka mai da ita harsashi. Suka ƙera azot mai nauyi 13, wanda rabinsa ke ruɓewa cikin minti 10, suka harba shi bisa idirojan nan take. Da wannan dabara a ke auna haɗuwar cikin fashewa da yawa yanzu. A Italiya kuwa aka shigar da ƙaramin injin ƙarƙashin dutsen Gran Sasso, metir 1400 na dutse bisa kansa, domin ya tare ƙwayoyin sama. Can, a 1999, aka ba da awon haɗuwar eliyom mai nauyi 3 da gudun da ya ke yi cikin Rana, ba tare da dabarar mai rijiya ba. A mataki na can ƙasa, biyu na'urar ke ƙidayawa a wata.

Akwai lamba guda da Fowler ya sa gaba cikin jawabinsa na Nobel: saurin da karbon ke haɗiyar eliyom ya zama oksijan. Ita ke raba yawan karbon da na oksijan cikin tauraro, ita ke gyara ɓawon albasar kafin fashewa. An auna ta sosai a Kellogg a 1974, an sake aunawa a ƙasashe da yawa. Har yau ba injin da ya sauka da ita zuwa gudun cikin tauraro, wajen bolt dubu 300. Ragowar hanyar da lissafi a ke cika ta.